Aron Baki a Al-Ranuna

Sati uku da saukata Madina aka miƙo mini iƙama, wato katin zama da aiki. Na juya ta gaba da baya ina neman inda aka rubuta sana'a. Kalma ɗaya na tarar a wurin: amil. Lebura ke nan.

Ni Habibu, da na yi shekara goma sha ɗaya ina bin gonakin dabino a ƙasar Dutse, ina nuna wa manoma yadda ake gane bishiyar da ƙwaro ya shiga tun ganyenta bai fara sauya launi ba. Abin da na karanta ke nan, shi ke kan takardata, kuma a kansa ne ajan ɗin da ya yi mini hanya ya dafa ƙirji ya ce masana irina ake nema ruwa a jallo. Na kira shi na karanta masa abin da ke kan katin. Ya ce, "Haba Malam Habibu, ai rubutu ne kawai. Wata uku za su gyara." Wata uku ya cika na sake kira, wayar ba ta ƙara shiga ba.

Zangona na farko Uhudu ne. Aikina sauke kwalayen dabino daga mota zuwa rumfunan da ke sayar wa masu ziyara. Nakan saɓa kwali a kafaɗa, ƙamshin kaɗai ya gaya mini irin da ke ciki, da ko an bar shi ya sha rana. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce ba. Kwana kuwa a bayan shagon Kawu Bala nake yi. Tela ne, Bahaushen Sudan. Kakansa ya taso da ƙafa daga ƙasar Sakkwato zai zo hajji, ya yada zango a Sudan, zangon ya zame masa gida. Kawu bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma ranar da ya ji ina mita da Hausa a ƙofar shagonsa saboda igiyar kwali ta tsinke, ya ajiye almakashi ya fito ya tambaye ni garinmu. Kafin la'asar ya ba ni katifa da mabuɗi.

Shi ne ya jiyo mini labarin wani kamfani a unguwar Al-Ranuna mai kula da gonakin dabino na mutane. Wai suna neman wanda ya san susa, jan ƙwaron nan da tsutsarsa ke cinye bishiya daga ciki. Na ce, "Kawu, wannan ai ni suke nema, sunana ne kawai ba su sani ba." A gabansa na iya faɗin haka, don Kawu na gida ne.

Na wanke farar shaddata, Kawu ya goge mini ita da hannunsa. Na isa ofishin da takarduna a ambulan. Muna zaune muna jira da wani ƙato mai turare, sunansa Nadir, sai ya karkato ya tambaye ni ko susa tana da fiffike. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga ƙwai har ta fara tashi. Shi aka fara kira. Ta bayan ƙofa nake jin muryarsa yana cewa shi ne kaza, shi ya yi kaza, har da bayanin da na gama yi masa.

Da aka zo kaina, na ga kafet shimfiɗe har bango, sai na cire takalmi na ajiye a bakin ƙofa. Na shiga na rusuna na gaida mudir, shugaban wurin. Na tambaye shi iyali, da aiki, da gajiya. Ya nuna mini kujera na ɗosana a bakinta. Aka kawo gahawa na ce alhamdu lillahi, don a gidanmu ba a cafke abu tun tayin farko. Ba a sake tayi ba. Idona kuwa yana kan kafet, mutumin ya girme ni nesa ba kusa ba.

Ya ce, "An ce ka san ciwon dabino."

Na ce, "Ana dai ɗan taɓawa, ranka ya daɗe."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Mun samu malamai na ƙwarai. Abin da suka koya mana muke ɗan bi."

A raina na ce na gama da shi. A Dutse duk wanda ya ji wannan amsa ya san ya haɗu da wanda ya iya, sai ya gyara zama. Mudir ya dubi katina, ya dubi safar ƙafata, bai buɗe ambulan ɗin ba. Ya ce suna bukatar masu hawa bishiya a Ƙuba, in sauka ƙasa a rubuta ni. Aikin masani kuwa Nadir aka ba.

Da na ba Kawu labari, ya tsayar da keken ɗinkinsa ya daɗe yana kallona.

"Ya waladi, kai miskini ne wallahi. Ka cire takalmi? A maktab, ofis guda?"

"Kawu, kafet ne fa."

"Kafet ɗin masallaci ne? A nan in ka sunkuyar da kai sai su ce ƙarya kake ɓoyewa. In ka ce kaɗan ka sani, khalas, kaɗan ɗin za su rubuta. Ba wanda zai tona ka ya ga abin da ke ciki, ba su da lokaci."

Na ce to ni haka aka tarbiyyantar da ni, kuma ban ga laifin tarbiyyar ba. Har yau ban gani ba. Amma na ji zafi, zafin da ya hana ni cin abinci ranar. Na karɓi aikin hawa bishiyar, kamfanin ya karɓi kafalata, wato ya zama ubangidana a takarda, don gara in tsaya kusa da dabino da in riƙa ɗaukarsa a kwali.

Zango na biyu Ƙuba. Tsohuwar gona ce a bayan gidaje, bishiyoyinta wasu sun girmi kakana. Ina da shekara talatin da takwas na koma hawa dabino da igiya a ƙugu, ina sare busasshen ganye, ina ɗaure nonon dabino, ƙaya tana yi mini zane a hannu. Matata Rabi ta ce in turo mata hoton ofishina. Na ɗauki hoton gonar daga ƙasa na tura. Ta ce 'yarmu Hafsa tana ta gaya wa 'yan ajinsu babanta likitan dabino ne a Madina. Na yi dariya a waya, na kashe, na zauna a gindin bishiya.

A gonar nan na haɗu da Isa. Ɗan siriri ne, gajere, kullum hannunsa da baƙin mai, don shi ke gyaran injin ban ruwa da bututai. Leburori suna kiransa Sini, wato ɗan ƙasar Sin, kamar yadda suke kirana Takaruni, mutumin Afirka ta Yamma. Na ɗauka ko salla ba ya yi, sai ranar da liman bai zo ba ya ja mu azahar, na ji karatu mai kyau yana fita a takbirarsa da sallamarsa. Bayan salla na matsa na gaishe shi da Larabcin littafi da na koya a zaure. Ya amsa da irinsa. Sauran suka yi ta dariya, wai mun zama masu karanta labarai a talabijin.

Ashe mutumin Biyetnam ne, daga wata ƙabilar Musulmi da ke zaune a bakin babban kogi, gidajensu a kan turaku. Ni kam ban taɓa sanin akwai Musulmi a can ba. Injiniyan ruwa ne, ya yi shekaru yana tsara magudanan gonakin shinkafa. Ya ciro katinsa ya miƙo mini da hannu biyu. Amil.

Sau uku ya je neman aikin da ya dace da shi. A na farko an tambaye shi wane aiki ya yi da kansa, ya ce shi da abokan aikinsa suka yi, aka ce to a turo abokan. A na biyu mai tambayar ya ɗaga masa murya, shi kuwa ya yi murmushi, mutumin ya ɗauka raini ne ya kore shi. A na uku an yi masa tambayar da aka yi kuskure a cikinta, ya gane kuskuren, amma ya ƙi gyara babba a gaban mutane, aka ce bai sani ba.

Ya ce, "A garinmu in mutum ya miƙe ya ce ni na yi, mahaifiyarsa ake ji wa kunya."

Na ce, "Ɗan'uwa, anya ba daga Dutse kakanninku suka tashi ba?"

Ranar Juma'a ya gayyace ni ɗakinsa ya dafa miyar kifi mai tsami. Cokali ɗaya na kai baki na tsaya. Tsamiya ce. Wata bakwai rabona da ɗanɗanonta, sai ga ta a hannun mutumin da ban san ƙasarsa a taswira ba. Ƙwalla ta cika mini ido, na ce barkono ne. Ya yi kamar ya yarda. Sati na gaba na kai masa yajin da Rabi ta daka mini, ya barbaɗa a shinkafa ya yi ta tari yana cewa da daɗi.

Wata rana da hantsi ina saukowa daga wata bishiya na ji wari kamar na abin da ya fara ruɓa. Na duba gindin na ga wani ruwa mai danƙo yana tsattsafowa, da ɗan gari kamar na zarto. Na manna kunnena a jikin kututturen. Ana ci a ciki, ƙus-ƙus-ƙus. Na bi layin ina sa kunne, na samu bakwai. Na kira Isa na nuna masa. Ya tsuguna ya taɓa ƙasa, ya ce an sa bututun ya matso da yawa, ruwa yana dukan kututture dare da rana. Na ce abin da susa ke so ke nan. Rabin ciwon nawa ne, rabi nasa.

Muka zauna muka rubuta rahoto shafi huɗu. Ni na rubuta yadda za a bi da bishiyoyin, shi ya zana yadda za a janye ruwan. Muka kwafe muka ba Nadir, tunda shi ne mai duba gonar. Bayan kwana goma mudir ya zo da mai gonar, wani tsoho mai sanda. Nadir ya shige gaba da takardarmu, an buga ta da inji, sunansa a ƙasa. Har kunne ya manna a jikin wata bishiya, lafiyayyiya ƙalau, yana gyaɗa kai. Mudir ya dafa kafaɗarsa. Ni ina sama da igiya a ƙugu ina kallo.

Da suka tafi na sauko a fusace. Na tarar da Isa yana murmushi.

Na ce, "Me ya ba ka dariya? An yi mana fashi da rana tsaka kana washe baki?"

Ya ce, "Ustaz Habib, ba dariya ba ce. In cikina yana ci da wuta haka fuskata take yi. Tun ina yaro aka koya mata."

Na ji kunya na ba shi haƙuri. Amma wutar da ke nawa cikin ba ta mutu ba. Juma'ar nan na ja shi muka hau mota zuwa Uhudu, na ce Kawu ya koya mana cika baki, ko da kuɗi ne.

Kawu ya rufe rabin ƙofar shago ya hau kujerar keke ya harɗe ƙafa, wai shi ne mudir. Ya ce, "Yalla, Habibu. Dube ni a ido. Kai wane ne?"

Na dube shi na ce, "Ni ne wanda ya fi kowa sanin..." Sai maganar ta maƙale. Na ji muryar mahaifina a kunnena, na ji kamar na tsaya tsirara a kasuwa. Abin da ya fito daga bakina shi ne astagfirullah.

Isa ya fi ni lalacewa. Ya fara da kyau, yana zuwa kan kalmar ni sai ya rusuna ya ce malamansa ne suka yi ƙoƙari. Muka yi ta yi har Kawu ya gaji ya jefar da tef ɗin awo.

"La haula. Jakai biyu Allah ya haɗa ni da su. To kai Habibu, shi wannan Sini ɗin, ya ma iya wani abu kuwa?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba Sini ba ne, kuma wannan mutumin da yake gani, in ya taɓa ƙasa da yatsa zai gaya masa kwana nawa rabonta da ruwa. Na ce injin da kamfani ya ce a jefar shi ya tashe shi da waya da tsohuwar roba. Na ce bututan gonar nan kaf a kansa suke, ba takarda. Na yi ta zuba, idona cikin idon Kawu, muryata har waje.

Kawu ya bari na kai aya. Ya juya wurin Isa ya yi masa irin tambayar a kaina. Isa, da ba a jin muryarsa sai an matso, ya buɗe baki ya yi minti biyar.

Kawu ya ɗauki tef ɗinsa a ƙasa ya rataya a wuya. Ya ce, "To ai shi ke nan. Bakinku lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ba ya yi wa aiki. Ku yi musaya. Ku shiga tare, kowa ya ari na ɗan'uwansa."

Zango na uku Al-Ranuna, karo na biyu. Sakatare ya ce ɗaya bayan ɗaya ake shiga. Na ce mu tare muke. Ya ce ba a haka. Muka zauna a gabansa daga safe har aka kira azahar, ya gaji da ganinmu ya buɗe ƙofa.

Na gaida mudir a tsaye, na ce, "Ranka ya daɗe, ba don kaina na zo ba. Na zo in gaya maka wanda kake da shi a gonar Ƙuba ba ka sani ba." Na jero masa Isa tun daga makaranta har zanen da ke shafi na uku na rahoton da aka kawo masa. Ina yin shiru Isa ya ɗauka. Ya ce wannan da ke tsaye yana jin susa da kunne kafin na'ura ta gano ta, ya ce kuma wannan ɗin ne ya rubuta sauran shafukan, kuma ga asalin rubutun hannun. Ya ajiye a kan tebur.

Mudir ya fara da dariya, ya ce bai taɓa ganin lauyoyi biyu ba mai ƙara ba. Da ya karanta rubutun sai dariyar ta tsaya. Washegari ya zo gonar da kansa ya ce in nuna masa bishiya mai ciwo wadda ba ta cikin rahoto. Na zaga na sa kunne na nuna wata da ganyenta yake kore shar. Nadir ya ce wannan lafiyarta lau. Aka kawo gatari aka ɗan fasa gindin, tsutsotsi farare masu kaurin babban yatsa suka zubo.

A nan tsaye mudir ya yi mana tayi. Ni in riƙe ciwon bishiyoyi a gonakin kamfanin duka, Isa ya riƙe ruwa. Za a ƙara mana albashi, za a ba mu mota.

Na ce, "Katin fa?"

Ya ce canza sana'a a kati aiki ne mai tsawo. Sai an tantance takardu, sai an yi jarrabawa, sai kamfani ya yi ta zirga-zirga. Ya ce, "Me ke cikin kati? Rubutu ne kawai. A takarda Nadir zai riƙa sa hannu, ku ku yi aikin."

Na juya in ga ko Isa zai yi magana. Ya sunkuyar da kai yana gyaɗawa. Na san ya karɓa. Yana da 'ya'ya uku da mahaifiya mai ciwon ƙoda, kuma ko ba wannan, bakinsa ba zai iya ce wa babba a'a a gaban jama'a ba. A wannan karon ba bakin da zan ara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Ba zan yi ba."

Mudir ya juyo ya dube ni. Na ci gaba. Na ce in dai lebura ne a kati, aikin lebura zan yi, kuma zan yi shi da kyau. In masani ake so, a rubuta masani. Ba zan yi wa wani noma da kaina ya riƙa sa hannu ba.

Mudir ya ce, "To koma sama." Ya shiga mota.

Na ɗaura igiyata na koma sama. Isa ya samu farar mota da hular kwano. Kwana biyu ba mu yi magana ba. A na uku ya zo gindin bishiyar da nake kai ya tsaya, ya ce in yafe masa. Na ce ba abin yafewa, kowa ya san nauyin da ke kansa. Ya ce, "Yarjejeniyarmu tana nan. Bakina naka ne."

Wata huɗu na yi a haka, kuma ba zan ce da sauƙi ba. Ba zan iya jin susa tana cin bishiya in wuce ba, bishiyar ba ta yi mini laifi ba. Sai na roƙi Kawu ragowar jan yadi. Duk wadda na ji ciwo a jikinta in ɗaura mata jan ƙyalle in wuce, ba na ce wa kowa komai. Amma yadda za a yi maganin, da awonsa, da wadda za a ceta da wadda za a sare a ƙone, wannan na kulle bakina. Nadir ya zo da lallami, ya zo da barazana, ya kawo mini lemo mai sanyi. Na sha lemon na ce masa ni amil ne, ya tambayi muhandis, wato masani. Ya yi ta ɗura magani yadda ya ga dama. Bishiya goma sha ɗaya suka mutu a idona, har da wata tsohuwa da nake jingina da ita in ci abinci. Ranar da aka sare ta na yi kuka, na kuma tambayi kaina ko girman kai ne yake ɗawainiya da ni. Na duba zuciyata iya dubawa. Ban sauya ba.

Abin da ban sani ba shi ne abin da Isa yake yi. Sakataren ne ya ba ni labari daga baya. Kowace Lahadi da safe, kafin ya fita gonaki, sai ya shiga ofishin mudir ya rusuna ya gaishe shi. Ba ya roƙo, ba ya gardama. Tsayawa yake yi ya karanto ni daga farko: inda na yi karatu, shekarun da na yi a Dutse, jan ƙyalle nawa aka ƙirga a satin, nawa daga ciki aka fasa aka tarar da tsutsa. Sai ya yi godiya ya fita da baya. In mudir ya daka masa tsawa sai ya yi murmushi, Lahadi ta gaba ya dawo. Sau goma sha bakwai ya yi haka. Mutumin da bai iya cewa a'a sau ɗaya ba.

Tsohon mai gonar ma ya fara tambaya. Ya zo da sandarsa yana bin jajayen ƙyallaye, ya ce wa ke ɗaura su, kuma me ya sa mai ɗaurawar ba shi ke maganin ba. Ya ce in aka sake sare masa bishiyar da mahaifinsa ya dasa, zai karɓe gonarsa ya ba wani kamfanin.

Ranar wata Talata aka aiko Isa ya ɗauko ni a mota. Ban canza kaya ba, da ƙurar ganye a kaina na shiga. Mudir yana zaune da takardu a gabansa, na neman canjin sana'a, da wasiƙar da za ta raka takarduna wurin tantancewa. Ya sa hannu a gabana shafi bayan shafi, ya buga hatimi da ƙarfi kamar hatimin ne ya ɓata masa rai. Ya turo mini.

Ya ce, "Jarrabawar kuma kai da su, ba ruwana."

Na ce, "Ita ce mai sauƙin."

Na karanta kowane layi a hankali har na ga sunan sana'ata a rubuce kusa da sunana.

Mudir ya ce, "Khalas? Ka ji daɗi? To ka gaya wa abokinka ya bar ni in sha iska ranar Lahadi. Tashi ka je ka ceto mini gonar nan."

Ban tashi ba. Na ninke takardun na sa a aljihu, na jawo kujerar ta matso kusa da tebur. Isa yana tsaye a bakin ƙofa da hular kwanonsa a hannu, yana yi mini alama da ido in taso mu tafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura ta Isa."

Mudir ya dafe kai da hannu biyu. Na gyara zama, na fara masa daga shekarar da Isa ya gama karatu.